Kwanso Ɗaya Cikin Hamsin

Mutum uku suka same ni a ƙofar gida ranar Talata da hantsi. Shugaban 'yan sintirin layinmu ne da mutanensa biyu. Ba yara ba ne, kowannensu da mata da 'ya'ya, ɗaya ma furfura ta fara masa. Shugaban ya zaro leda daga aljihu ya zazzage mini a kan tabarma. Kwanson harsashi ne wanda aka riga aka harba, sun fi goma, sun yi kore don daɗewa, wasu bakinsu ya tsage. Ya ce, "Baba, an ce a da kai ne oga a wannan harka. Ka cika mana su. Amma fa ka danƙara albarushi sosai, so muke in an harba a Agege a ji a Oko-Oba." Na biyun ya ce ai shi ya gani a waya, abu ne mai sauƙi, da guduma da ƙusa ma ana yi. Na ce su kwashe ƙazantarsu daga kan tabarmata. Shugaban ya ce, "Haba Baba, no vex, kada ka ji haushi, taimakon unguwa ne." Na ɗaga masa hannuna na dama, na bar shi a sama har ya gama ƙirga yatsun da suka rage. Suka kwashe suka tafi. Ina jin na ukun yana cewa tsohon nan baƙin rai ya yi masa yawa.

Baƙin ran akwai shi, ban musa ba. Kalmar nan ta "danƙara" ce ta tayar mini da shi. Komai na yanzu danƙara shi ake yi: lasifika, janareto, hon ɗin motocin haya na danfo, kiɗan biki. Mutum bai iya riƙe wuƙar yanka albasa ba, amma yana son bindigar da za ta girgiza kwanon rufin maƙwabta. Da sallar da ta wuce ɗaya daga cikinsu ya harba sama wai murna yake, dalmar ta sauko ta huda tankin ruwan wata tsohuwa, suka tsaya suna dariya ruwa yana zuba. Ni kuwa a hannun mutumin da na koyi wannan aiki, in ka ce masa ƙara kake so, sai ya nuna maka hanyar gidan makaɗa.

A taragon shanu na zo Ikko, gemu yana fara fito mini. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun da ubana ya mutu, shi ya sa ni a jirgi tare da dabbobinsa, ya bar ni a hannun mahauta ya koma arewa. Dakon nama na yi. Wata rana aka aike ni da cinya gidan wani tsohon soja a bayan layin dogo. Matarsa, Bayarabiya ce da kowa ke kira Iya, ta tare ni a tsakar gida ta nuna mini wani jan tsumma da aka ɗaure a ƙofar wani ɗaki. Ta ce muddin tsumman nan yana nan, kada in yi sallama, kada in yi tari. Na tsaya da nama a ka, jini yana bin wuyana, ƙuda suna bina, har inuwa ta matsa daga wannan bango zuwa wancan. Da mutumin ya fito ya kwance tsumman, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai kurma ne?"

"A'a, Baba."

"Me ya hana ka sallama?"

"Iya ce ta ce kada in yi."

"Gobe ka zo. Ka bar naman nan, bai dace da kai ba."

Haka na shiga aikin Saja. Kowa Saja yake ce masa, ni Baba nake cewa. Gajere ne, baƙi, wuyansa kamar turmi. Gyaran bindiga ya yi a soja har ya gama. A lokacin akwai wani kulob na masu harbin takarda can bayan gari, manyan 'yan sanda ne da Turawan kamfanonin Ilupeju da Kwarori da 'yan boko kaɗan. Libarba suke harbawa, ƙaramar bindigar hannu mai ɗaki shida da ke juyawa. Harsashinta ya yi wuya, sai an jira jirgin ruwa. Saja shi yake tattara kwanson da suka harba ya sake cika musu. Yana da takardar izini a bango cikin gilashi. Ni ban iya karatu ba, amma na ga sufeto ya karanta ta ya sara masa.

Ina tuna ƙarar wurin fiye da kamanninsa. Kwanso a cikin ƙwarya ana wanke shi, yana kacau-kacau kamar wuri. Hucin dalma a tukunyar ƙarfe a bayan ɗaki, wadda Saja ke sayowa a Ijora, da masifar Iya cewa warinta zai shiga miyarta. Ƙas ɗin da mariƙin injin matsewa yake yi in dalma ta zauna a bakin kwanso. Da jirgin ƙasa. In jirgi ya taho, ƙasa ta fara rawa, allurar sikeli ta fara rawa, sai mu ɗaga hannu mu biyu mu jira har taragon ƙarshe ya wuce. Ba wanda ke gaggawa. Shekara guda cur ban taɓa albarushi ba. Wanki nake yi, da goge, da duba bakin kowane kwanso a rana ko ya tsage. Wanda ya tsage Saja da kansa yake murƙushe shi da guduma, don kada wani ya tsinta. Yau a ce wa ɗayan mutanen nan ya yi shekara yana wanke abu kafin a ba shi ludayin awon albarushi, sai ya kira maka taron unguwa.

Harsashin Saja mai sanyi ne, shi ya sa suke son sa. Albarushi kaɗan yake sawa, wanda zai kai dalma ga takarda ya huda ta, shi ke nan. Ba ya dukan hannu, ba ya ɗaga bakin bindiga, ba ya toshe kunne. Tas yake yi, kamar an tafa katako biyu. Yakan ce, "Takarda za a huda. Wanda ke son kashe giwa ya je wani wuri." In wani sabon ɗan sanda ya ce a ƙara masa ƙarfi, sai Saja ya ce masa, "Oga, hannunka ne ba shi da ƙarfi, ba harsashina ba." Amma a cikin sanyin nan mugun abin yake. Kwanso dogo ne, albarushin kuwa can ƙasa yake kwanciya, ɗan kaɗan. In ka zuba sau biyu, ba ya cika, ba ya zubowa, ba abin da zai gaya maka. In dalma ta rufe bakin, an gama. Sikeli ba ya nunawa, don ita kanta dalmar ba ta zuwa daidai da 'yar'uwarta. Girgizawa a kunne ba ya nunawa. Sai ranar da ya tashi a hannun mutum.

Don haka Saja yake da ƙa'ida. Akwai katako mai rami hamsin, kwanso hamsin suna tsaye a ciki. Da safe shi zai kwance babban gwangwani, ya auna albarushin hamsin daidai a ƙaramin gwangwani, ya ɗaure babban da igiya ya ɗora a sama. Ludayi ɗaya, kwanso ɗaya, daga hagu zuwa dama. In an gama, ƙaramin gwangwani ya ƙare tare da kwanso na ƙarshe. Sannan a fito da katakon cikin rana a leƙa cikin kowanne. Kuma tun daga ludayin farko har na ƙarshe, ba magana. Ba a amsa sallama, ba a amsa kira, ko liman ne ya zo. In wani abu ya katse ka, ko atishawa ce mai ƙarfi, sai ka juye duka hamsin ɗin a gwangwani ka fara daga farko. Wannan shiru ya jawo masa baƙin jini a Agege. Mutanenmu za su yafe maka zagi, amma ba za su yafe maka ƙin amsa sallama ba. An ce girman kai ne, an ce soja ya cinye masa addini, wani malami har wa'azi ya yi a kansa ba tare da ya kama suna ba. Saja ya ce mini, "Bar su. Sallamarsu ba ta ɗinke hannu."

Shekara ta uku ya fara bar mini ludayi. Ya zama in zai je Ijora sai ya auna mini ya tafi. A cikin masu karɓar harsashinmu akwai wani likita Bayarabe mai fiɗa, dogo, mai sanyin murya. Duk Asabar yana zuwa ya harba hamsin, wai yana kwantar masa da hannu. Shi ya yi wa Iya aiki a ciki lokacin da kowa ya cire rai, shi ya sa Saja yake ware masa akwatinsa daban, ya zaɓar masa kwanso mafi kyau. Ranar wata Alhamis Saja ya auna mini na Likita, ya ce, "Ka san na wane ne." Na ce na sani. Ya tafi. Iya ma ta tafi kasuwa. Na ɗaura jan tsumma na zauna.

Na wuce rabi sai na ji sallama a tsakar gida. Tun kafin ya rufe baki na gane muryar. Kawu ne. Shekara uku ban gan shi ba, ban ji labarin mahaifiyata ba sai a bakin fatake. Bai san tsumma ba, ba wanda zai gaya masa. Ya sake sallama. Ya yi ta uku, ya kira sunana na gida, wanda ba mai kirana da shi a Ikko. Ya tura ƙofar ya tsaya a kaina da sandarsa da ƙurar hanya a rawaninsa. Wanda ya ce zai iya ci gaba da zuba albarushi mutumin da ya riƙe shi yana tsaye a kansa, ba a cikinmu aka haife shi ba. Na durƙusa da ludayi a hannu.

"Sannunku da zuwa, Kawu. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ashe kana ciki kana jina? Ko Ikko ta toshe maka kunne?"

"A'a, Kawu, aiki ne. Ina gajiya? Yaya hanya?"

"Ba gajiya. Kai, ka yi wuya! Naman mutane kake ci ko na shanu?"

"Yaya Inna? Yaya mutanen gida? Yaya damina?"

Ya ba ni labarin Inna, da ciwon ƙafarta, da rijiyar da ta rufta, da wanda ya mutu da wanda ya haihu. Duk ina durƙushe. Da ya gama ya ce zai jira ni a waje, akwai saƙo daga Inna, in yi sauri don zai koma wurin shanu kafin azahar. Na juyo ga katako. Ban san inda na tsaya ba. Na san ƙa'ida, ba mantawa na yi ba. Juyewa zan yi in fara daga farko. Amma Kawu yana waje yana buga sanda a ƙasa, kuma saƙon uwata yana cikin aljihunsa. Na leƙa a duhun ɗaki, na ce a nan ne, na ci gaba. Da na zo kwanso na ƙarshe, ƙaramin gwangwani ya ƙare. Hamsin aka auna, arba'in da tara suka cinye. Ko jaki ya san abin da wannan yake nufi: ɗaya a cikinsu ya sha biyu.

Abin da na yi bayan wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin yawu mai ɗaci a bakina. Ban fito da katakon cikin rana ba, don Kawu yana wurin, zai tsare ni da tambaya. Na hau kujera na sauko da babban gwangwani, na kwance igiyar Saja, na ɗebi ludayi ɗaya na zuba wa na ƙarshe, na mayar na ɗaure. Na matse dalma a kan duka hamsin ɗin, na jera su a akwatin Likita, na kwance tsumma na fita. Na ce wa kaina wataƙila zubewa ya yi a ƙasa. Na duba ƙasan, ba ko ƙwaya. Saƙon Inna kuwa daddawa ce da hula, da cewa in riƙa salla a kan lokaci.

Washegari bayan Juma'a Kawu ya zo yi wa Saja godiya. Suka zauna a tsakar gida, ni ina gefe. Kawu ya ce, "Saja, Allah ya saka. Yaron nan bai lalace ba. Jiya na same shi tsakiyar aiki, da ɗan ludayinsa a hannu, ya bar komai ya durƙusa ya gaishe ni kamar a gida. Na ce to, akwai sauran tarbiyya." Saja ya ce madalla. Bai dube ni ba. Da Kawu ya tafi ya shiga ɗakin aiki, na bi shi. Ya ɗaga kai ya dubi babban gwangwani. Ƙullin soja daban yake da ƙullin mai dakon nama. Ya daɗe yana kallon igiyar nan, kuma ya san na ga yana kallo.

"Baƙo ya katse ka."

"E, Baba."

"Ka juye ka sake?"

"Na juye."

"Duka?"

"Duka."

"Kai, dube ni. Na Likita ne. Ka juye?"

"Na juye, Baba."

Kalma uku ce za ta fitar da ni: ban juye ba. Da na faɗa, da mari zan sha, da kwana biyu muna zare dalma ɗaya bayan ɗaya, wataƙila da ya mayar da ni wanki na wata shekara. Shi ke nan. Amma Kawu ya gama yabona a gabansa, hular Inna tana kaina, kuma na riga na faɗi ƙaryar sau ɗaya. Ta biyu ta fi sauƙi. Saja ya ɗauki akwatin ya sa a jakarsa. Ya ce gobe da sassafe za mu fita.

Mun isa filin harbi rana ba ta yi zafi ba, raɓa tana kan ciyawa, ba kowa sai mu. Fili ne mai tudun ƙasa a ƙarshe, da katakai inda ake manna takarda. Yanzu wurin duk gidaje ne da shagunan caca, na wuce a danfo ban gane shi ba. Saja ya manna takarda, ya dawo ya buɗe akwatin Likita a kan tebur, ya fito da tsohuwar libarbarsa ta gwaji. Ya cika ɗaki shida ya miƙo mini ta ƙota.

"Tunda ka juye, kai za ka gwada. Ba zan ba Likita abin da mai yin sa bai yarda da shi ba."

"Guda nawa, Baba?"

"Duka hamsin. Sai dai in akwai magana."

Na gane abin da yake so. So yake in ji tsoro in faɗa. Shi kuma ya ɗauka ba mai hankalin da zai ja kunamar bindiga alhali ya san abin da ke cikin akwatin. Bai san irin kan da nake da shi ba. Ni ma na ɗauka ba zai bari in harba ba, zai riƙe hannuna a ce an yi wasa. Ban san irin nasa ba. Na karɓa, na ɗaga, na ja. Tas. Bindigar ko motsi ba ta yi ba. Na sake. Tas. Shida suka fita lafiya. Ya karɓa ya zazzage kwanso, ya sake cikawa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yana ba ni lokaci.

"Akwai magana?"

"Babu."

Shida na biyu. Shida na uku. Duk jan kunama sai in ji tas ɗin nan mai sanyi, in ce wannan ma ba shi ba ne. Kuma duk wanda ya fita lafiya, saura suna raguwa, mugun yana matsowa. Gumi ya jiƙa mini riga. Takardar ban ma san ko ina samunta ba. Na fara ce wa kaina ai ƙarfe ne, wataƙila ya jure. Na dubi Saja. Jijiyar wuyansa tana bugawa, wajen saka harsashi har ɗaya ya faɗi ƙasa ya sunkuya ya ɗauka ya goge a rigarsa.

"Kai ɗan ƙauye," ya ce, muryarsa ta dushe. "Akwai magana?"

"Babu, Baba."

Da ya ce in ajiye, da na ajiye. Da na ce ban juye ba, da ya karɓe. Ba wanda ya yi. Ƙatti biyu, ɗaya ya ga yaƙi, ɗaya ya isa aure, suna tsaye a fili da safe kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara sunkuyar da kai. In na ga 'yan sintirin nan ina jin ƙyamarsu, amma ban taɓa ganin sun yi wautar da ta kai wannan ba. Su jahilci ne ke ɗawainiya da su. Mu mun san komai.

Muna cikin shida na shida motar Likita ta shigo. Na ji ya rufe ƙofa, na ji yana cewa da Hausarsa ta asibiti, "Saja, yau yaro ne yana ci nawa harsashi?" Na ja na uku a cikin shidan. Ban ji ƙara ba. Wani farin haske na gani, da wani abu kamar an doke ni da taɓarya a hannu har kafaɗa. Da na dawo hayyacina ina zaune a ciyawa. Saman bindigar ya tashi, ɗakin ya tsage gida biyu. Babban yatsana yana reto da fata, manuni babu shi, na tsakiya ya koma wani abu da ba shi da suna. Wani ɓallin ƙarfe ya tsaga wa Saja kunci har haƙori yana leƙowa, amma bai taɓa wurin ba. Ya warware rawaninsa yana ɗaure mini hannu, yana cewa, "Jaki. Jaki. Jaki." Ban san ko da ni yake ko da kansa ba.

Likita ne ya sa mu a mota, shi ya yi mini aiki da hannunsa. Yatsu biyu ya iya ceto. Bayan kwana uku ya zo duba ni, Saja yana zaune a gefen gado da kunci a ɗinke. Likita ya tambayi abin da ya faru. Saja ya gaya masa duka, har da igiya. Likita ya saurara har ƙarshe. Ya dubi hannunsa, ya juya shi, ya sa a aljihu. Sannan ya ce wa Saja da Yarabanci, wanda a lokacin na fara ji, cewa ya gode da aka tsirar masa da hannunsa, amma kada ya ƙara ganin ɗayanmu a filin nan. Ya ce a asibitinsa akwai ɗakin mahaukata, kuma duk waɗanda ke ciki sun fi mu hankali.

Saja bai ƙara cika kwanso ko ɗaya ba. Ya mayar da takardar izini da kansa, ya farfasa injin da guduma ya sayar wa masu gwangwan a Ijora, ya kama aikin gadin rana a wani kamfanin Ilupeju. Ni na koma dakon nama, don ɗaukar kaya a ka ba ya bukatar yatsu. Kawu har ya mutu yana gaya wa mutane cewa mugun soja ne ya lalata masa ɗa, ni kuwa ban gyara masa ba. Muka zauna a unguwa ɗaya da Saja shekara da shekaru, masallaci ɗaya, sahu ɗaya. Ina gaishe shi yana amsawa. Da na yi aure shi ya tsaya mini a matsayin uba. Da aka haifa mini ɗan fari shi ya yi masa huɗuba. Maganar akwatin nan ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba ko sau ɗaya.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, Iya ta aiko a kira ni da la'asar. Ya rame har tabon kuncin ya fi fuskar girma. Ya ce kowa ya fita. Ya kama ragowar hannuna ya riƙe, yana shafa wurin da yatsu suke a da. Ya ce, "Na san yana ciki, na miƙa maka. Ka yafe mini." Na ce na yafe. Ya rufe ido. Na zauna ina jin numfashinsa, ina jin jirgin yamma yana wucewa yana girgiza kwanukan Iya. Na ga in ban faɗa yanzu ba, babu sauran wanda zan gaya wa. Furfura a kaina, da jikoki, na matso kusa da kunnensa.

"Baba."

"Mm."

"Ban juye ba."

Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, irin kallon da yake yi wa kwanson da ya tsage.

"Yanzu kuma uban me zan yi da ita?"

Kwana biyu bayan haka ya cika. Ya bar wasiyya cewa ni zan yi masa wanka. Na yi da hannun hagu, liman yana tsaye a kaina yana ta gunaguni.